Layin Da Ya Rage a Injin Audu Dogo

Shekaranjiya ɗaya daga cikinku, wannan dogon mai juya hula baya, ya tsaya bakin rumfata yana kallona ina taɓa waya da ɗan ƙaramin yatsana, wanda shi kaɗai mai bai ɓata ba. Ya juya ya ce wa abokinsa, da ƙarfi don in ji, “Ai gyaran inji ya zama wasa. Waya ka hwaɗa ma Baba Sule abin da za shi yi, shi ko shi bi.”

Ban tanka masa ba. A lokacin kafireta ce a warwatse gabana cikin faranti, kuma duk wanda ya tsaya cacar baki da kafireta a buɗe zai wuni yana laluben allurarta cikin rairayi. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Tunda kun ce sana'ar kuke so ku koya, ku gyara zama in gaya muku abin da ke cikin wayar nan, da yadda aka yi ya shiga.

Na fi shekara talatin ina gyaran injin jirgin ruwa a nan bakin ruwan Yelwa, kuma ban fara da sufana ba. Aikin farko da maigidana Malam Bawa, Allah ya jiƙansa, ya ɗora ni a kai shi ne wankin noti da kananzir cikin gwangwanin madara. Wata biyar ina wannan. In na wanke, sai ya sa in jera su a kan buhu yadda aka kwance su, na farko a hagu, na ƙarshe a dama. Ranar da na cakuɗa su, bai zage ni ba. Ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci, ya bar ni da inji da notuna arba'in da wani abu, ya ce in nemo wa kowa raminsa. Ban ci abincin rana ba ranar.

Malam Bawa gajere ne, kunnensa ɗaya ba ya ji, amma da ɗayan sai ya jiyo jirgi tun yana can bayan gungu, ya ce, “Ga Na-Allah nan tahe, fulogi guda ya mace mashi.” Jirgi ya iso, a buɗe kan inji, a tarar haka ne. Kayan aikinsa duka ba su cika rabin buhu ba: sufana 'yan ƙalilan, filaya, guduma ƙarama, da wata sukundireba mai faɗin baki da ya wasa da hannunsa. Ita ce wannan da ke aljihuna, har yau ban sami kamarta ba. Sai duro cike da ruwa. Babu injin da ke barin hannunsa sai an ɗaure shi a bakin duron nan, an tada shi, an ga yana fitsari. Fitsari shi ne ɗan siririn ruwan da inji ke tsartowa ta baya, wanda ke nuna famfo yana jan ruwa yana sanyaya shi. Na ga makanikai da yawa daga nan har Shanga, ban ga mai natsuwar mutumin nan ba.

Ku dubi wannan injin da ke jingine. Sama kai ne, nan wuta take. Ƙasa, inda farfela take, ƙafa muke ce mata, kuma a cikinta giya take, haƙoran ƙarfe suna cin juna cikin mai. Ruwan nan namu ba ya raga wa ƙafa. Akwai kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun da aka yi dam, akwai kainuwa, ga zaren taru da ke naɗewa bayan farfela ya yanke roba. In ka kwance notin ƙasa ka ga mai ya fito fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. Sai ka bar ƙafar a buɗe ta tsiyaye, wani lokaci rabin yini, ka canza roba, sannan ka ɗura sabon mai ta ramin ƙasa har ya leƙo ta ramin sama, ka mayar da noti biyu. Tsakanin tsiyayewa da ɗurawa, nan haɗarin yake. Ƙafar da babu mai a cikinta, in an mayar mata da notunanta, ba ka bambanta ta da lafiyayya, ko a ido ko a duro. Sai an yi nisa da lodi ta ɗauki zafi, haƙoran su cinye juna, farfela ta tsaya.

Malam Bawa bai yi boko ba, saboda haka jerin aikinsa jan ƙyalle ne. Tsohon zane ja yake saye ya yayyaga. Duk aikin da ya rage a jikin inji, ƙyalle ɗaya a ɗaure a hannun injin. Mai aiki huɗu, ƙyalle huɗu. Ba a kwance ƙyalle sai hannu ya gama, kuma inji ba ya fita da ƙyalle ko da mai shi zai yi kuka. Ni kuwa a lokacin kaina na ja, abin har dariya yake ba ni. Wata rana na ce masa, “Maigida, ai kai ba ka mantuwa. Mi ne na wahalar ɗaure-ɗaure?”

Ya dube ni ya ce, “Sule, ba mantuwa nika tsoro ba. Wanda ya mance ai shina tsayawa shi tambaya. Abin da nika tsoro, kai shi ɗauko maka aikin jiya shi ce maka na yau ne, kai ko ka rantse.”

Na ce to, amma a baki kawai.

Da ya rasu na gaji rumfa da masu kawo aiki, abu na farko da na yar shi ne ƙyallen. Gani nake ƙauyanci ne. Inji biyar, shida, duk ina riƙe da su a ka, in gaya wa kowa ciwon injinsa ba tare da na duba ba. Direbobi suka riƙa zuga ni, ni kuma ina hawa. Shekara kusan goma abin yana tafiya daidai, kuma wannan ne ya cuce ni.

Akwai wani direban jirgi, Audu Dogo, daga wani ƙauye a ɓangaren Ngaski. Yana kawo mutane da albasa ranar kasuwa, ya kwana, washegari ya koma da su da abin da suka saya. Mutum ne marar yawan magana, in ya gaishe ka sau ɗaya ya gama. Shekaru ya yi yana tuƙi da filafili kafin ya mallaki injinsa mai doki arba'in, kuma yana shafa shi kamar ɗan fari. Wata ranar kasuwa ya kawo mini shi, ruwa ya shiga ƙafa. Na tsiyaye mai, na canza roba. Ina shirin ɗura sabo aka aiko maƙwabcina ya rasu, ana jirana a fita da shi. Na mayar da notunan don kada su ɓace cikin rairayi, na rufe rumfa na tafi. Da safe Audu ya zo. Kaina ya nuna mini hannuna yana matsa gorar mai, ya nuna mini man yana leƙowa ta sama, tas kamar a majigi. Ashe abin da nake gani na wani injin ne da na yi kwana biyu kafin nan. Na tada na Audu a duro, ya yi fitsari, na ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Suna tsakiyar ruwa, inda gaɓa ke zama ɗan baƙin zare, ƙafar ta kama. Iska ta taso, jirgi cike da mutane, har da mata masu goyo, ga buhunan taki da gishiri. Da igiyar ruwa ta fara zubowa ciki, dole aka riƙa jefa buhuna don jirgin ya ɗago. Masunta ne suka hango su suka jawo su. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma takin albasar gida biyar ya tafi ƙasan ruwa, kuma akwai matar da aka ce tun daga ranar ba ta sake shiga jirgi ba.

Bayan kwana uku Audu ya zo. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi jin sauƙi. Ya kwance wani tsumma a kan bencina, ga haƙoran giya sun ƙone sun yi shuɗi. Ya ce, “Malam Sule, ga su. Busassu na iske su.” Ya juya ya tafi. Na nemo wata ƙafar mai kyau na kai masa har ƙauyensu. Ya karɓa, ya yi godiya, ya ba ni ruwa na sha, amma wani makaniken ya ba ya ɗaura masa.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Labari a ruwa ya fi labari a tudu gudu, don kowane jirgi yana ɗauke da shi zuwa wata gaɓar. Direbobin da ke zuga ni suka riƙa wucewa ta bayan rumfata da injina a kafaɗa, suna kallon wani gefe. Na koma gyaran janareto da injin niƙa da injin ban ruwa, ina bin fadamu a kan keke. Ban ji haushin kowa ba. Ni ma da ni ke da jirgi, ba zan kai wa Sule ba. Kunya ce dai ta dame ni, irin wadda ke sa mutum ya canza sahu a masallaci.

Na koma kan jan ƙyalle da kaina, ba wanda ya sa ni. A hankali aiki ya fara dawowa, ɗaya yau, biyu wani mako. Sai dai zamani ya canza, jirage sun yi yawa, wani lokaci inji takwas ko goma ne a rumfa. Ƙyalle yana gaya maka akwai saura, amma ba ya gaya maka mene ne sauran. Na gwada alli a jikin ƙofar langa-langa, damina ta wanke. Na gwada littafi, baƙin mai ya cinye shafukan, ɗaya kuma akuya ta taya ni karantawa.

Ranar da akuyar ta yi wannan aiki 'yata Hauwa'u tana nan. Ma'aikaciyar asibiti ce, ta biyo ta gaishe ni a hanyarta ta komawa gida, ta tarar ina ta faɗa da dabba. Ta yi dariya har ta gaji, sannan ta ce, “Baba, kawo wayarka.”

Na ce, “Wayag ga ta cika, ko hoto ba ta ɗauka. Kada ki ɗora mata wani kaya.”

Ta ce, “Ba a saukar da komi. Nan inda kaka karanta labarai za mu shiga.”

Ta buɗe burauza, ta shiga wani shafi fari fat. Babu komai a cikinsa sai gurbin rubutu a sama da ɗan maɓalli a gefe. Ka rubuta abu ka danna, ya sauko ya zama layi, da ɗan akwati kusa da shi. In ka taɓa akwatin, sai zare ya ratsa rubutun, an soke shi ke nan. Kana iya jan layi sama ko ƙasa. Ba rajista, ba lambar sirri, kuma ko sabis ya ɗauke, in dai shafin yana buɗe, jerin yana nan. Ta ce da shi take tsara aikinta na yini a asibiti. Gargaɗi ɗaya ta yi mini: jerin a cikin burauzar wayata yake zaune, saboda haka kada in bar kowa ya ce zai wanke mini waya don ta yi sauri. Ban san wanda ya ƙera shafin nan ba, ban san garinsu ba, amma ina girmama shi. Ya san abin da mai aiki ke buƙata, ya ba shi, ya yi shiru. Ba kowane mai sana'a ke iya tsayawa a nan ba.

Yanzu ga inda dogon naku ya yi kuskure. Waya ba ta san fulogi ba. Abin da ka zuba mata shi take riƙe maka, kuma zubawar ita ce sana'a. Makon farko wani direba, Isa, ya kawo inji, na rubuta “gyaran injin Isa”, na zauna ina jin ni ɗan zamani ne. Wannan layi bai fi ƙyalle ɗaya amfani ba. Sai da na koyi tsinka aiki yadda hannu ke yin sa. Isa, wanke kafireta. Isa, canza robar famfo. Isa, tsiyaye man giya. Isa, ɗura man giya. Kun ga na ƙarshen nan biyu? Wanda bai sha wuya ba layi ɗaya zai yi musu. Ni ba na haɗa su, don na san abin da ke faɗawa tsakaninsu. Kuma kafin ka iya rubuta layukan nan sai ka saurari inji, ka shinshina fulogi, ka murza mai tsakanin yatsu, ka tambayi direba inda ya bi da abin da ya ji. Wannan ba ya cikin waya, yana cikin wata biyar na wankin noti da shekarun da suka biyo baya.

Ina rubutawa ne kafin in taɓa sufana, mai inji yana tsaye. Da safe in na sha koko sai in ja na wanda jirginsa zai fara tashi zuwa sama, wanda ke jiran kaya daga Kwantagora ya koma ƙasa. Sokewa kuma tana da doka. Ba na soke layi don na yi niyya, ba na tara su in soke da yamma gaba ɗaya. Hannu ya gama, ɗan yatsa ya taɓa, nan take, kafin in amsa sallamar kowa. Shi ya sa kuke ganin ina killace ƙaramin yatsan nan kamar amarya.

Shekara tara Audu Dogo bai taka rumfata ba. Muna haɗuwa a bakin ruwa, mu gaisa, kowa ya wuce. Sai wata ranar kasuwa cikin damina na ɗaga kai na gan shi tsaye, gemu ya yi fari, mutum biyu na bayansa ɗauke da inji. Makanikensa ya tashi ya koma wani gari. Bayan mun gaisa ya ce, “Ruwa ya shiga ƙahwa. Gobe da sahe ina da lodi.” Bai ƙara ko kalma ɗaya ba a kan abin da ya wuce, ni ma ban ƙara ba. Na ɗauko waya na rubuta masa layi shida. Na san wannan ba gyaran inji ba ne kawai. Mutumin ya sake miƙo mini amanarsa ne, kuma ba za a yi ta uku ba.

A ranar akwai wani injin irinsa sak a rumfa, na Isa, shi ma ƙafarsa a buɗe tana tsiyaya. Na jera su gefe da gefe. Bayan la'asar na fara ɗura mai, na gama ɗaya, na soke layi. Ina ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Kun san hadarin bakin ruwa, ba ya sallama. Iska ta fara kwasar rairayi tana watsawa, na yi maza na mayar da notunan ɗayar ƙafar don kada ƙasa ta shiga, muka kinkimi injina muka tura cikin shago, ruwa ya kece. Wuta ta ɗauke a unguwa, waya ta mutu, na miƙa ta wurin mai caji a hanyar gida.

Da na fito bayan sallar asuba Audu ya riga ni zuwa, shi da mutanensa biyu. Mai caji bai buɗe ba. Na tsaya a kan injin na tambayi kaina, kaina ya ce an gama. Na ga gorar mai a hannuna, na ga man yana leƙowa ta ramin sama, har na tuna yadda na goge shi da babban yatsa. Na tada shi a duro, ya yi fitsari, muryarsa garau. Suka ɗauka suka gangara.

Rana ta ɗan ɗaga kafin mai caji ya buɗe. Shagonsa yana kan gangaren da ke kallon inda jirage ke lodi. Na karɓi waya, na kunna, na shiga shafin don in share layukan Audu. Biyar a soke. Ɗaya yana tsaye, akwatinsa fari: Audu, ɗura man giya. Na duba na Isa, nasa a soke yake.

Nan take kaina ya kawo mini mafita, ya ce ai na Audu ka ɗura, yatsa ne ya kauce cikin gaggawar hadari ya taɓa layin Isa. Kuma hakan na iya yiwuwa. Da zan koma rumfa in buɗe ƙafar Isa da na san gaskiya, amma na hango jirgin Audu ya cika, an tura shi da gora, yana jan igiyar inji. Kafin in je in dawo sun yi nisa. Lambarsa ba ni da ita, shekara tara ba ma waya.

Ku tsaya ku ga inda nake. In na yi ihu aka buɗe aka sami mai, na zama tsohon da bai san abin da ya yi ba, a gaban duk bakin ruwa. In aka buɗe babu mai, na zama wanda ya yi wa mutum ɗaya abu ɗaya sau biyu. In na yi shiru kuma kaina ya yi gaskiya, babu wanda zai taɓa sani. Wallahi na tsaya, ba zan ɓoye muku ba, na tsaya kamar na ƙirga goma. Sai na ga wata mata a tsakiyar jirgin tana gyara goyonta, tana ɗaure zani da kyau yadda suke yi in za a shiga babban ruwa. Na ji muryar Malam Bawa kamar yana bayana.

Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Na gangara, takalmi ɗaya ya tsaya a laka, na faɗa ruwa da rigata, waya a sama a hannun hagu, ina ihu, “Audu! Kashe inji! Audu!” Ruwa ya kai mini ƙirji kafin na kama gefen jirgin. Ya kashe. Mutanen ciki suka fara gunaguni, na gaɓa suka taso kallo.

Audu ya sunkuyo ya ce, “Lahiya, Malam Sule?”

Na ce, “Ɗaga ƙahwa in gani.”

“Ba ka gama ba?”

“Kaina ya ce na gama. Rubutuna ya ce ban gama ba.”

Ya karɓi wayar ya riƙe mini, ya ɗaga ƙafar daga ruwa. Na zaro sukundirebar Malam Bawa na kwance notin ƙasa. Ɗigo ɗaya ya fito, na biyu ya tsaya a bakin ramin, shi ke nan. Busasshiya.

Wani dattijo a ciki ya yi salati. Daga gaɓa na ji wani ya ce, “Shi ne hwa na wancan karon.” Na ji shi sarai, kuma bai yi ƙarya ba.

Audu ya sa aka mayar da jirgi gaɓa da gora. Na hau rumfa da takalmi ɗaya, ruwa yana zuba daga jikina, na ɗauko gorar mai. A gaban kowa na ɗura, har ya leƙo ta sama, na ɗaure noti biyu. Na karɓi wayata na taɓa akwatin. Audu ya ce, “Mi ya rubuta nan?” Na karanta masa. Ya ce, “Wa ya rubuta shi?” Na ce ni. Ya gyaɗa kai, ya ja igiya, suka tafi. Ko sai an jima bai ce mini ba.

A makon da ya biyo baya na san yadda kwana bakwai suke da tsawo. Labarin ya zagaya, kowa da yadda yake ba da shi, kuma na riga na san hanyar fadamu in abin ya koma can. Har kekena na fito da shi na sa masa iska. Abin da kawai na yi shi ne na kafa wa kaina sabuwar doka: inji ba ya fita sai na karanta jerinsa da ƙarfi a gaban mai shi, in waya ta mutu a jira ta farfaɗo, ko gwamna ne ke cikin jirgin.

Ranar kasuwa ta zagayo. Ina tsugune ina wanke fulogi na ji sallama. Audu ne, da wasu direbobi biyu na ɓangarensu da ban taɓa yi wa aiki ba, kowa da injinsa. Suka jingine su a nan inda kuke zaune. Ya nuna ni da haɓa ya ce musu, “Wanga shi ne.” Sannan ya juyo gare ni ya ce, “Malam Sule, kowa na kuskure. Wancan karon ba ka biyo ni ba. Wanga karon ka biyo ni har cikin ruwa, gaban mutane, da laihinka a hannu. Ɗauko abin naka ka rubuta.”

Na ɗauko. Sai da na goge ido da bayan hannu kafin na ga gurbin rubutun, kuma ranar na shafa wa fuskata baƙin mai ban sani ba.

Injin nan da na nuna muku ƙafarsa ɗazu, na Audu ne. Layi uku suka rage masa, kuma gobe da safe yana da lodi. Kai mai juya hula, taso. Ga gwangwani, ga kananzir, ga notuna. Ka jera su yadda aka kwance su, na farko a hagu.